YARON DA BA YA MAGANA: GIDANSU NE MAKARANTARSHI TA FARKO

Jawabi ga iyaye, domin a karanta a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi



Jawabin yau a kan wani yaro ne. Mutane da yawa sun taɓa ganin irinshi, ko a Maijirgi, ko a Korgom, ko a Kanambakashe, ko a Sarkin Hausa. Ya kai shekara 3, ko ma 4. Yana tafiya da ƙafafunshi, yana cin tuwo, jikinshi ba ciwo. Amma ba ya magana. In an kira sunanshi ba ya waiwaye. Ba ya kallon mutum cikin ido. Yara suna wasa a dandali, shi yana gefe guda shi kaɗai, yana jera tsakuwa, ko yana juya murfin kwano, ko yana kaɗa hannuwa. In an sake mashi wurin kwana, ko an ba shi fura cikin ƙwaryar da bai saba ba, sai kuka da birgima.

Wasu sukan ce iskoki ne suka taɓa shi. Wasu su ce mayu. Wasu su ɗora wa uwar laifi, su ce ta fita da almuru sa'ad da take da ciki. Uba ya saida akuya, ya saida damman hatsi, a shiga yawon neman magani. Kuɗi su ƙare, yaro yana nan yadda yake. Wani lokaci har aure ya mutu saboda wannan.

MENE NE WANNAN LALURA?

Likitoci suna kiranta otizim. A rediyo wani lokaci ana ce mata galahanga, amma kalmar galahanga ta haɗa lalurori da yawa waɗanda ba iri ɗaya ba ne. Wani likita na ƙasar Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana ta dalla-dalla a shekarar 1943, bayan ya duba yara 11. Daga baya aka gane tana ko'ina cikin duniya, birni da ƙauye, gidan mai kuɗi da gidan talaka. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cikin yara 100 akan samu kamar guda 1 mai ita. Ta fi yawa ga ɗiya maza bisa ga ɗiya mata. A shekarar 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga watan Afrilu ta kowace shekara domin tunawa da masu wannan lalura.

Lalurar tana fitowa daga yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu, tun yana cikin uwarshi. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci tare ko wasa tare.

Allurar rigakafi ba ta kawo ta. A shekarar 1998 wani likita a Ingila ya ce allurar ƙyanda, wato dussa, ita ke jawo ta. Aka bincika, aka tarar aikinshi da ƙarya a ciki. A shekarar 2010 jaridar likitocin da ta buga maganar ta janye ta, shi kuma aka hana shi aikin likita. Saboda haka kada uwa ta fasa kai ɗanta rigakafi.

Babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa da ke cire wannan lalura. Duk wanda ya ce a kawo rago ko jikka goma ya warkar da yaro cikin kwana bakwai, dukiyar mutane yake so. Amma yaron yana koyo. Wani yakan yi magana daga baya, har ya shiga lakwal. Wani ba zai yi magana da yawa ba, amma zai iya nuna abin da yake so, ya yi wanka da kanshi, ya ba dabbobi ruwa, ya saƙa tabarma.

YAUSHE ZA A KAI YARO LIKITA?

1. In ya cika wata 12 ba ya gwarancin jarirai, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwaye in an kira shi.
2. In ya kai shekara 1 da rabi bai faɗi ko kalma guda ba.
3. In ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar “ba ni” ko “sha ruwa”.
4. In ya fara magana, daga baya maganar ta ɓace.

Ba duk yaron da ya makara wajen magana ke da otizim ba. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa suna kashe kunne, kuma yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba. Tamowa ma tana maida yaro baya. Don haka a fara kai shi gidan likita mafi kusa, a duba kunnenshi, a auna shi. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura shi babban asibitin Tasawa ko na Mayahi, ko kuma Maradi. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Kada a zauna ana cewa bakinshi zai buɗe da kanshi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

GIDA SHI NE MAKARANTA

Likitocin da suka ƙware kan wannan lalura ba su da yawa, kuma suna manyan birane. Saboda haka OMS ta shirya wani tsari na koyar da iyaye su kansu: zama 9 na iyaye a taro, da ziyara 3 a gida. An gwada shi a Habasha da Kenya da wasu ƙasashe. Abin da tsarin ke koyarwa shi ne: uwa da uba da kaka su ne malaman yaro, kuma darasin yana cikin aikin gida na kullum.

Kowa ya san uwa ba ta da hutu. Ga daka, ga ɗibar ruwa, ga icce, ga gamana da damina. Ba a ce ta bar aikinta ba. Ta sa yaron cikin aikin. Ba kuma sai an kashe ko dala guda ba. Gero, rairayi, ƙwarya, ludayi, kara, da kabar Gulbin Kaba, duka kayan koyarwa ne.

Ga ƙa'idodi 4:

1. Kaɗan kaɗan: minti 5 ko 10, sau 3 ko 4 a yini.
2. A fara da abin da yaron yake so. In tsakuwa yake so, a zauna a yi wasan tsakuwa tare da shi.
3. In ya yi daidai, a yaba mashi nan take: a tafa, a yi murmushi, a ce “madalla!”
4. In ya gaji, a bari sai an jima. Ba duka, ba tsawa.

NA FARKO: JIN JIKI

Mutum yana sanin duniya ta ido, da kunne, da hanci, da harshe, da fata. Ga wannan yaro, waɗannan ƙofofi ba su aiki kamar na sauran yara. Wani abin yana shigar mashi da ƙarfi ƙwarai. Ƙarar injin niƙa, ko babur, ko lasifikar biki, takan zame mashi kamar tsawa cikin kai, sai ya toshe kunnuwa. Sabuwar riga takan ji mashi kamar ƙaiƙayi. Wani abin kuma ba ya jin shi sosai: ya taka ƙaya bai yi kuka ba, ya taɓa tukunya mai zafi bai janye hannu ba. Wannan ba taurin kai ba ne. Haka jikinshi ke gaya mashi.

Uwa ta lura da kyau: me yake gudu, me yake nema? Sa'an nan a gwada waɗannan:

Ƙwaryar gero. A zuba gero ko rairayi mai tsabta cikin ƙwarya. A binne ɗan goruba ko cokali a ciki. Uwa ta fara sa hannunta ta tono. Sa'an nan ta bar shi ya gwada. In ya ƙi taɓawa da hannu, a ba shi ludayi tukuna.

Wasan ruwa. Lokacin wanka a ba shi moɗa biyu, ya dinga juye ruwa daga wannan zuwa waccan. Babba ya tsaya kusa har a gama.

Laka. A kwaɓa yumɓu, a mulmula tare, a yi ɗan sa ko ƴar tukunya.

Tausa. Bayan wanka a shafa mashi mai, a matsa hannuwa da ƙafafu da ɗan ƙarfi, a hankali. Yara da yawa sun fi son matsa mai ƙarfi bisa ga shafa sama sama. In ya janye jiki, a bari.

Lilo. A ɗaura igiya mai ƙwari ga reshe, ƙasa ƙasa, ko mutum biyu su kama zane su lilla shi a ciki. Lilo yakan kwantar wa wasu da hankali.

Wurin hutu. A keɓe mashi lungu guda cikin ɗaki, da tabarmarshi, inda ba hayaniya. Ran biki ko ran suna, in ya fara toshe kunne, a kai shi can tun bai fashe da kuka ba.

Maganar abinci: irin wannan yaro yakan kafe kan abu guda, fura kaɗai ko tuwo ba miya. Kada a yi mashi ɗure. A aje ɗan sabon abinci, kamar loma guda, kusa da wanda ya saba. Yau ya kalla, gobe ya taɓa, wata rana ya lasa. In bai kai shekara 5 ba, a riƙa auna damtsenshi da ma'aunin nan mai launi. In ya nuna rawaya ko ja, a tafi likita.

Hattara: wake, gujiya da ƙananan tsakuwa suna shiga hanci, suna maƙale a wuya. Yaron da ke kai komi baki, kada a bar shi da su shi kaɗai.

NA BIYU: MOTSA JIKI

Akwai babban motsi, na ƙafafu da gangar jiki. Akwai ƙaramin motsi, na yatsu. Duka biyu ana koyonsu.

Domin babban motsi:

A ja layi a rairayi, yaro ya bi bisa layin. A kwantar da taɓarya ƙasa, ya tsallake. A kife turmi, ya hau ya sauka, ana riƙe da hannunshi. A naɗa ƙwallon tsumma, a zauna ana fuskantar juna, a gara mashi, ya garo. In za a rijiya, a ba shi ƴar gora ya ɗauko nashi ruwa. Ɗaukar abu mai ɗan nauyi yana ƙarfafa jiki, kuma yaro ya ga shi ma ya yi aiki. In ya ƙara girma, yayyenshi su koya mashi gare da langa.

Domin ƙaramin motsi:

Ya taya uwa tsinkar ganyen zogala. Ya taya kaka ɓarar gujiya. A yanka kara guntu guntu, a huda, ya zura igiya a ciki. A ba shi kaba ya tsaga. A yi ƴan ramu a ƙasa kamar na dara, ya sa dutse guda cikin kowane rami. A zana da'ira da yatsa a rairayi, ya kwaikwaya. Hannun da ya saba da waɗannan shi ne zai riƙe ludayi, gobe ya riƙe alƙalami.

Aikin kula da kai, kamar sa riga ko wanke hannu, a raba shi gaɓa gaɓa. A fara koya mashi gaɓar ƙarshe. Misali: uwa ta sa mashi riga, kai ya shiga, hannuwa sun shiga, sai ta bar shi ya ja rigar ƙasa da kanshi. Ya gama, a yaba mashi. In ya iya wannan, sai a bar mashi hannu guda ya sa. A haka har ya iya duka.

NA UKU: MAGANA

Magana ba daga baki take farawa ba. Kafin yaro ya ce “ruwa”, sai ya gane cewa in ya nuna, wani zai amsa mashi. Kallo magana ne. Miƙa hannu magana ne. Jawo zanen uwa zuwa randa magana ne. Duk wanda ya yi, a amsa mashi, a kuma faɗi sunan abin.

A durƙusa. Babba ya sauko daidai tsawon yaro, fuska da fuska. Kada a kama haɓarshi a ce dole sai ya kalli ido. A ɗaga abin da yake so kusa da fuska, kallon zai zo.

A gajarta magana. Kada a ce: “Kai, zo nan maza ka karɓi furarka ka sha kafin ƙuda su faɗa.” A ce: “Fura. Sha fura.” In yaro ba ya faɗin komi, a yi mashi kalma guda. In yana faɗin guda, a yi mashi biyu.

A jira. Wannan shi ya fi wuya. Uwa ta riƙe moɗa, ta ce “ruwa”, ta yi shiru, ta ƙirga 1 zuwa 10 cikin zuciyarta. In ya yi wani sauti, ko “wa” kaɗai, ko ya miƙa hannu, ta ba shi nan da nan. Yaron da ake ba komi tun bai nema ba, ba shi da dalilin yin magana.

A ba shi zaɓi. Ƙosai a hannun dama, dabino a hannun hagu: “Ƙosai ko dabino?” Wanda ya nuna shi za a ba shi.

A kwaikwaye shi. In ya buga kwano, a buga. In ya ce “ba”, a ce “ba”. Sai a tsaya a ga ko zai sake. Daga nan yake koyon karɓa-karɓa: ni, kai, ni, kai. Hira ke nan.

Kukan dabbobi. Akuya, jaki, zakara, duka suna tsakar gida. Kwaikwayon kukansu ya fi faɗin kalma sauƙi.

Waƙa da tafi. A yi mashi waƙar da ya saba ji kullum. In an zo kalmar ƙarshe, a yi shiru, a bar shi ya cika.

Wani yaron yakan maimaita abin da aka ce. A ce “kana son ruwa?”, shi ma ya ce “kana son ruwa?” Kada a yi mashi dariya. Hanyar koyonshi ce. A faɗa mashi amsar: “Ina son ruwa”, a miƙa mashi.

Wanda bakinshi bai buɗe ba, a koya mashi magana da kaya. Moɗa tana nufin ƙishirwa. Takalmi yana nufin fita. Buta tana nufin bayan gida. Wannan ba ya hana magana zuwa, taimaka mata yake yi.

Kada a bar yaro da wayar salula yini guda don ya yi shiru. A shekarar 2019 OMS ta ba da shawara: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini. Waya ba ta jira yaro ya amsa. Mutum ke jira.

IN YA YI FUSHI

Yaro yana birgima, yana cizon hannunshi, yana buga kai. A tuna: wanda ba shi da baki, da jiki yake kuka. A tambayi kai: me ya faru kafin ya fara? Yunwa? Ƙara? Ciwon haƙori ko na ciki? An sake mashi abin da ya saba? A kauda abin da zai ji mashi ciwo, a rage magana, a zauna kusa har ya huce. Duka yana ƙara mashi tsoro. Ɗaure shi da igiya kamar ɗan akuya zalunci ne, kuma yana hana shi koyo.

In za a yi wani sabon abu, kamar aski ko tafiya kasuwa, a gaya mashi tun da wuri, a nuna mashi kayan.

TSARON RAI

Wannan yaro bai san haɗari ba, kuma yakan sulale ya fita ba wanda ya gani. Da yawansu suna son ruwa. A rufe bakin rijiya. Da damina a sa ido ƙwarai kan tabki da kududdufi. A tsare shi daga murhu. Garuruwan da ke bakin babbar hanyar mota, su lura da ƙofar gida. A gaya wa maƙwabta da maigari halin yaron, duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya kamo hannunshi ya maido shi.

Wasu daga cikin waɗannan yara suna da farfaɗiya. In ta tashi, a kwantar da shi bisa gefe, a nisanta shi da wuta da ruwa, kada a sa mashi komi a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu. Tana da magani a likita.

AIKIN KOWA NE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Al'ada ce uwa ta yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunanshi, ba ta wasa da shi gaban mutane. In yaron nan ɗan fari ne, to, yana bukatar mai kiran sunanshi kullum. Kaka ko gwaggo ta ɗauki aikin a tsakar gida. Uwa kuma ta yi nata cikin ɗaki, ba mai ganin laifinta.

Uba ya ba da minti 10 bayan magariba. Ya tafi da yaron wajen dabbobi, yana faɗa mashi sunansu. Ya tsaya wa matarshi in dangi sun fara zarginta. Yayye su sa shi cikin wasa, su hana yaran gari jifarshi ko kiranshi mahaukaci. Malamin allo da malamin lakwal su karɓe shi, ko da na ɗan lokaci ne a yini. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008, kuma a shekarar 2019 ta yi dokarta ta kula da su. Wannan yaro ɗan ƙasa ne kamar kowa.

Addu'a tana da kyau, a yi ta yi. A haɗa ta da aiki.

AMFANIN KARATU

Wanda ya koyi rubutu a wannan cibiya yana da babban aiki a nan. Ya samu kaye guda domin yaron. Ya rubuta kwanan wata da abin da yaro ya yi sabo: “Ran 4 ga wata, ya nuna randa.” “Ran 20 ga wata, ya ce inna.” Ya rubuta abin da ke sa shi fushi. Ya zana moɗa da kwano da buta a takarda, yaro ya riƙa nunawa. In za a likita, a tafi da kayen. Ran da uwa ta karaya, ta ce ba a ci gaba ba, a buɗe kaye a karanta mata abin da ɗanta bai iya ba wata 3 da suka wuce, yau kuma ya iya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Akwai irin wannan yaro a garin nan? Yaya ake riƙonshi?
2. Waɗanne kayan gida za a iya koya mashi da su?
3. Rijiyoyi nawa ne a garin nan ba su da murfi? Wa zai rufe su?
4. Wane mai karatu ne zai riƙe wa uwar yaron kaye?

Jama'a, sannu sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji wannan jawabi ya kai shi gidan da ke da bukata. Allah shi raya zuri'a, shi ba iyaye haƙuri. Amin.